ZAUREN IYALI: Talikan da Ke Cikin Kofin Ruwan Lagdo

 Yabo da godiya su tabbata ga Allah, wanda Ya halicci abin da ido ke gani da abin da ya ɓuya ga ido. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. 

Wata baiwar Allah, matar wani masunci a Lagdo, ta aiko mana da tambaya ta hannun ɗanta da ke karatu a nan Garuwa. Ta ce ta ɗebo ruwa a bakin tafki ta zuba a kofin gilashi, ta ajiye shi inda rana ke shigowa ta taga, sai ta ga wasu 'yan ɗige-ɗige farare suna tsalle a ciki kamar ƙuma. Tana so ta san abu biyu: shin alwala ta inganta da wannan ruwa, kuma shin za ta iya ba yara su sha?

Hajiya, Allah Ya saka miki da alheri, domin tambayar ta nuna uwa ce mai lura, wadda ba ta miƙa wa ɗanta abin da ba ta duba ba. Amsar tambayar farko gajera ce, kuma mun sake bitarta a gaban mahaifinmu kafin mu rubuta. A mazhabarmu ta Malikiyya ruwa yana nan a kan tsarkinsa matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai canza ba saboda wani abu da ya shige shi daga waje. Abin da ya tsiro daga ruwan kansa, kamar gansakuka, ko abin da ruwan ke kwance a kai, kamar laka, ba ya cire masa tsarki. Dabbobin ruwa kuma tsarkaka ne, da ransu ko a mace. Saboda haka alwalarki ta yi, wankanki ya yi. Sai dai tsarkin shari'a daban, lafiyar sha daban. Ruwa yana iya halatta a yi salla da shi, alhali yana ɗauke da abin da zai kwantar da yaro. Wannan ne ya sa amsar tambaya ta biyu za ta ɗauke mu tsawon zauren yau.

Ranar da mikiroskof ya zo zaurenmu

Mu kanmu muna lise muka fara ganin waɗannan halittu. Malaminmu na ilimin halittu ya sa aka zo masa da ruwan Lagdo a kwalba, ya ɗiga ɗigo guda a kan ɗan gilashi, ya saka a ƙarƙashin mikiroskof, wato madubin nan da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma, ya ce mu zo ɗaya bayan ɗaya. Da muka koma gida muka ba mahaifinmu labari bayan sallar isha'i. Bai ƙaryata mu ba, amma ya ce shi ba ya ba da shaida a kan abin da bai gani ba. Da malamin ya ji haka, sai ya yi karamci ya ɗauko na'urar ranar Asabar ya kawo ta zaurenmu. Irin tsohuwar nan ce mai ɗan madubi a ƙasa, wadda ke aiki da hasken rana, don haka a bakin ƙofa aka ajiye ta.

Mahaifinmu ya cire tabarau, ya sa ido, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago ya yi tasbihi, sannan ya janye ƙafar wandonsa ya nuna wa baƙon wani tsohon tabo a idon sawunsa, ya ce: “Malam, cikin waɗannan wanne ne ya yi mini wannan?” Tabon kurkunu ne da ya samu lokacin almajirancinsa a ƙauyukan arewa. Ya sha jin ma'aikatan lafiya suna cewa wani ƙwaron ruwa ne ke kawo ta, amma sai ranar ya ga fuskar ƙwaron. Malamin ya nuna masa shi, sannan ya ƙara da cewa: “Liman, ai shi ne kuma ya ciyar da kifin da aka dafa a gidanka jiya.” Bayanin wannan magana ta malamin ne za mu yi yau.

Su wane ne waɗannan halittu?

A Faransanci ana kiransu zooplancton. Kalmar plankton daga harshen Girka take, ma'anarta abin da ke shawagi, kuma wani masani Bajamushe mai suna Victor Hensen ne ya fara amfani da ita a 1887. Mu a nan za mu kira su 'yan shawagi, domin dabbobi ne ƙanana da ba su da ƙarfin yin gaba da igiyar ruwa, inda ruwa ya nufa nan suke nufa. Tun a 1674 wani mai sayar da yadi a ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya duba ruwan tafki da gilashin da ya goge da hannunsa, ya ga ƙananan halittu na kai da kawowa a ciki. A ruwan daɗi irin namu, manyan zuriyoyin 'yan shawagi uku ne.

Zuriya ta farko su ne rotifa, mafi ƙanƙanta a cikin ukun. Yawancinsu ba su kai rabin milimita ba, don haka ba su ne Hajiya ta gani a kofinta ba. A kansu akwai wasu siraran gashi da ke kaɗawa ba tsayawa, har mai kallo ya zaci garegare ne ke juyawa, kuma da wannan kaɗawa suke tafiya, da ita suke janyo abinci zuwa baki. An san kimanin iri 2,000 nasu a duniya. A tafkunan ƙasashenmu masu zafi su ne suka fi yawan iri, kuma sunayen da masana suka fi cin karo da su sun haɗa da Brachionus da Keratella da Filinia.

Zuriya ta biyu ita ce ƙumar ruwa, wadda masana ke kira kaladosera. Sun fi rotifa girma, wasu sukan kai milimita 1 ko fiye. Jikinsu garai yake kamar gilashi, har ana ganin zuciya tana bugawa, ana ganin 'ya'ya a cikin wata jaka da ke bayan uwar, kamar mace ta goya ɗanta. Da wasu hannuwa biyu masu reshe suke iyo, shi ya sa tafiyarsu ke kama da tsalle. Aikinsu tace ruwa: suna jan ruwa ta tsakanin ƙafafunsu, su tsame ƙwayoyin gansakuka su haɗiye. Irin da aka fi sani a Turai shi ne Daphnia, amma a ruwanmu ƙananan 'yan'uwansa, kamar Moina da Diaphanosoma da Ceriodaphnia, sun fi yawa.

Waɗannan zuriyoyi biyu suna da wata baiwa mai ban mamaki. Idan abinci ya wadata, matan suna haihuwa ba tare da namiji ba, su haifi mata, waɗannan ma cikin 'yan kwanaki su haifi wasu. Da haka ruwa ke cika da su cikin mako guda ko biyu. Idan kuwa zamani ya yi tsanani, ruwa ya fara ƙafewa ko abinci ya ja baya, sai a haifi maza, a yi barbara, a samar da wani ƙwai mai ƙwarin ɓawo wanda zai kwanta a cikin laka. Rana ta gasa shi, iska ta ɗauke shi, amma yana nan da ransa har ruwa ya dawo, ko da bayan shekaru ne. Wannan shi ne sirrin kududdufin da ya bushe ƙayau da rani, amma ruwan sama na sauka ya cika da rai.

Zuriya ta uku su ne kofefoda. Jikinsu kamar ɗigon hawaye yake, da dogayen gashin-baki biyu a gaba da wutsiya mai reshe a baya, kuma ido ɗaya tak gare su a tsakiyar goshi. Saboda wannan ido ne aka sa wa wani reshensu suna siklof, sunan wani dodo mai ido ɗaya a tatsuniyoyin Girkawa. Su ba sa haihuwa sai da namiji, kuma macen siklof tana ɗauke da ƙwanta a jaka biyu, dama da hagu, kamar mangalar jaki. Ɗansu yakan sake fata sau 11 kafin ya balaga. Wasunsu gansakuka suke ci, wasu kuma mafarauta ne, suna kama rotifa da tsutsar sauro. Idan ɗigon da Hajiya ta gani yana zabura ya tsaya, ya sake zabura, to, mai yiwuwa ɗayansu ne. Kuma shi ne wanda mahaifinmu ya tambaya.

Yadda kogi ya zama gidansu

An gina madatsar ruwan Lagdo a kan kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982 da taimakon ƙasar Sin, kimanin kilomita 50 daga Garuwa, domin samar da wutar lantarki mai ƙarfin megawat 72 da kuma noman rani. Ruwan da ya taru a bayanta ya mamaye ɗaruruwan murabba'in kilomita. Kafin haka, 'yan shawagi ba su da wani sukuni a tsakiyar Binuwai, domin ruwa mai gudu yana tafiya da su kafin su hayayyafa. Mazauninsu shi ne fadamu da kududdufai da lungunan kogi inda ruwa ke kwanciya. Da aka tare kogin, ruwa ya tsaya, laka ta kwanta, hasken rana ya ratsa, gansakuka ta tsiro, sai ƙwayayen da ke kwance a ƙasar da ruwa ya rufe suka ƙyanƙyashe, wasu kuma ambaliya ta kawo su, wasu suka zo manne a ƙafafun tsuntsaye. Bayansu kifi ya yawaita, bayan kifi kuma masunta suka zo daga ko'ina: Musgum da Kotoko da Hausawa da wasu daga ƙasashe maƙwabta. Garuruwa da kasuwannin da ke bakin tafkin a yau, a kan bayan waɗannan ƙananan halittu aka kafa su, ko da mazaunansu ba su sani ba.

Masu bincike suna ƙidaya su ne da wata koma mai siffar mazurari, wadda idonta bai wuce kashi 1 cikin 20 na milimita ba. Sukan ja ta a ruwa daga kwale-kwale, abin da ya taru a ƙarshenta a zuba a kwalba da maganin hana ruɓa, a kai ɗakin bincike a tantance iri-iri a ƙarƙashin mikiroskof. Abin da irin wannan aiki ya nuna a tafkuna da dama shi ne cewa jama'ar ruwa tana canzawa da lokaci. Da damina, idan ruwa ya yi jawur da laka, haske ba ya shiga, gansakuka ta ragu, lakar kuma ta toshe matatar ƙumar ruwa. Da kaka, ruwa ya kwanta ya yi haske, sai su farfaɗo. Ko a cikin yini guda ma ba wuri ɗaya suke zama ba. Da rana da yawansu sukan nutse ƙasa inda duhu yake don gudun idon kifi, da dare su hau sama su yi kiwo.

Daga ɗigon ruwa zuwa tukunyar miya

Kusan kowane kifi, har giwan ruwa da ƙato ɗaya ba ya iya ɗauka, yakan fara rayuwa ne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Kwanakin farko yana rayuwa da guzurin gwaiduwar da ya fito da ita daga ƙwai. Ranar da guzurin ya ƙare dole ya sami abin da zai shiga bakinsa, bakin kuwa bai kai tsinin allura ba. A nan rotifa ke shigowa. Idan ya ɗan girma ya koma kan 'ya'yan kofefoda, daga nan ya koma kan ƙumar ruwa, sannan ya kama abincin manyan jinsinsa. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa sun san wannan sarai, shi ya sa wasunsu ke zuba kashin kaji a kwarami don Moina ta hayayyafa, wasu kuma su sayi ƙwan Artemia da ake shigowa da shi daga waje da tsada. Abin da suke biya da kuɗi, tafki yana ba masunci kyauta.

Masana suna da wani kiyasi da ba ya cika daidai ko'ina, amma yana ba da haske: a kowane mataki na ci da ciyarwa, kimanin kashi 1 cikin 10 ne kawai ke wucewa zuwa mataki na gaba. Wato kilo 1 na giwan ruwa yana bukatar kamar kilo 10 na ƙananan kifaye, su kuma kilo 100 na 'yan shawagi, su kuma kilo 1,000 na gansakuka. Uwargida, idan kin sa yanka guda a miya, ki tuna yawan bayin Allah da aka yi hidima da su kafin ya iso hannunki.

To, me ya sa masana ke damuwa da yawan iri, ba su tsaya ga yawan adadi kawai ba? Dalilin yana kama da dalilin manomin da ke shuka gero da dawa da wake a gona ɗaya. Kowane iri yana da lokacinsa da abin da yake jurewa. Wani yana son ruwa mai haske, wani yana jure laka, wani yana jure ƙarancin iska. Idan iri suna da yawa, duk watan da kifi ya yi ƙwai 'ya'yansa za su tarar da abinci daidai bakinsu. Idan kuwa suka koma iri biyu ko uku, ranar da abin da ba sa jurewa ya zo, 'ya'yan kifin wannan shekara sun tafi, kuma masunci ba zai gane ba sai bayan shekara ɗaya ko biyu, lokacin da koma ta fara fitowa fayau. Har ila yau, yawan iri ma'auni ne na lafiyar ruwa. Inda taki da ƙazanta suka yi yawa, akan ga 'yan irin rotifa kaɗan, musamman dangin Brachionus, sun mamaye wuri, wata gansakuka mai launin shuɗi-kore da 'yan shawagi ba sa iya ci sosai ta rufe fuskar ruwa, idan ta ruɓe ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Tafkin Cadi ya isa darasi. A shekarun 1960 da 1970 masanan hukumar bincike ta Faransa, ORSTOM, wadda yanzu ake kira IRD, sun yi aiki mai zurfi a kan halittunsa daga cibiyarsu ta Fort-Lamy, wato Injamena ta yau. Sun nuna cewa shemani, wanda a Cadi ake busarwa a sayar da sunan salanga, da wasu irin kurungu, 'yan shawagi ne babban abincinsu a cikin tafkin. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Da farin 1972 da 1973 ya zo, buɗaɗɗen ruwa ya janye, fadama ta maye gurbinsa, kamun shemani ya faɗi, kifaye masu jure ƙarancin iska irin su tarwaɗa suka yi rinjaye. Wancan daga Allah ne, babu mai iya tsare fari. Amma akwai ɓarnar da hannunmu ke yi.

Abin da hannunmu ke yi

Ƙumar ruwa da kofefoda dangin jatan lande ne, kuma a tsarin halitta ba su da nisa da ƙwari. Saboda haka maganin da aka yi don kashe ƙwarin auduga ko na masara yana kashe su ko da kaɗan ne ya shiga ruwa. Hasali ma, saboda saurin jin gubarsu, da Daphnia ake gwada ƙarfin magunguna a ɗakunan bincike na duniya. Manomin da ya gama feshi ya gangara bakin tafki ya wanke famfonsa da gwangwanin magani, ya zuba guba a tukunyar da 'ya'yansa za su ci. Wanda ya zuba guba a lungu don kifi ya taso, laifinsa ya fi girma, domin ya kashe na yau da na gobe, kuma ya sayar wa Musulmi abin da zai cutar da su. Sare itatuwan bakin rafuka yana sa ƙasa ta zaizaye ta cika tafki da laka. Kamun kifi da gidan sauro yana kwashe 'ya'yan kifin da aka riga aka ciyar, ya kuma bar yaran gida a hannun zazzaɓi. Hutun kamun kifi da hukuma ke sanyawa a watannin damina an yi shi ne don waɗannan 'ya'ya su girma, wanda ya karya shi da dare haƙƙin dukan masunta ya ci. Kuma tun kafin a ƙera mikiroskof, hadisi ingantacce ya hana yin fitsari a cikin ruwan da ke tsaye.

Ɗaya fuskar al'amarin

Yanzu mu dawo ga tabon mahaifinmu. Wani masani ɗan Rasha, Alexei Fedchenko, shi ne ya gano a wajajen 1870 cewa siklof ne ke ɗauke da kurkunu. Ga yadda abin yake. Mai kurkunu idan ƙurjin ya fashe yana jin zafi kamar wuta, sai ya tsoma ƙafarsa a ruwa don ya sami sauƙi. Nan take tsutsar ta saki dubban ɗaruruwan 'ya'ya. Siklof ya haɗiye su, su yi kamar mako biyu a cikinsa suna ƙosawa. Wanda ya sha ruwan ya haɗiye siklof ɗin, cikinsa ya narkar da shi, 'ya'yan tsutsar su kuɓuta su ratsa hanji. Bayan wata 10 zuwa 14 macen, wadda tsawonta kan kusa mita 1, ta huda fata ta fito. Babu ƙwayar da ke kashe ta, babu allurar rigakafi, sai dai a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. Kuma sau da yawa da damina take fitowa, lokacin da gona ke bukatar mai ita.

A 1986 an kiyasta mutum miliyan 3.5 ne ke kamuwa da ita a shekara. Da aikin Cibiyar Carter da Hukumar Lafiya ta Duniya da dubban 'yan sa-kai na ƙauyuka, a 2023 mutum 14 kacal aka samu a duniya duka. Manyan makaman da aka yi wannan yaƙi da su su ne ƙyallen tace ruwa da rijiyoyin burtsatse da hana mai ciwo shiga tafki. An ba Kamaru shaidar rabuwa da cutar a 2007, Nijar da Nijeriya a 2013. Amma ta sake bayyana a Cadi a 2010, daga 2012 aka fara ganinta a jikin karnuka a garuruwan masunta na bakin kogin Shari, kuma daga 2019 an sake samunta a gefenmu na kogin Logon, a yankin Gere. Masana na ganin karnukan na kamuwa ne ta ruwan da suke sha da kuma kayan cikin kifi da ake jefa musu ɗanye. Mu fahimci abu guda don kada mu tsorata ba dalili: kasancewar siklof a ruwa ba ya nufin akwai kurkunu. Sai wani mai ɗauke da ita, mutum ko dabba, ya shiga ruwan. Amma masunta mutane ne masu tafiya tsakanin Lagdo da Maga da Logon, don haka gafala ba tamu ba ce.

Cuta ta biyu ita ce kwalara, wadda ba mu manta da abin da ta yi mana a arewacin ƙasar nan a 2010 da 2011 ba. Ƙwayoyinta suna manne wa ɓawon kofefoda da yawan gaske. Wata masaniya Ba'amurkiya, Rita Colwell, tare da abokan aikinta na Bangaladash, sun gwada wata dabara mai sauƙi a ƙauyuka 65: mata su ninka tsohon zanensu sau 4 ko fiye su tace ruwan sha da shi. Sakamakon da aka buga a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kashi 48 cikin 100. Tsohon zane ya fi sabo, domin wanki ya sa zarensa ya yi gashi, ƙofofinsa sun tsuke. A gefe guda kuma, a ƙasar Biyetnam an yi amfani da wani siklof mai suna Mesocyclops, ana zuba shi a randunan ajiyar ruwa don ya cinye tsutsar sauron da ke kawo zazzaɓin dengi, kuma dabarar ta yi aiki. Halitta ɗaya ke nan, ta zama sanadin cuta a wani wuri, ta zama sanadin kariya a wani. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya san hikimar abin da Ya halitta.

Amsarmu ga Hajiya da sauran iyaye

Kada a ba yara ruwan tafki yadda aka ɗebo shi. Inda akwai famfo ko rijiyar burtsatse, nan ne wurin ɗiban ruwan sha, ko da ya fi nisa. Inda babu, a ware wani tsohon zane mai tsabta wanda babu huda a jikinsa, a ninka shi sau 4 zuwa 8, a ɗaura a bakin tulu a tace. Bayan an gama a ɗauraye zanen da ruwan da aka tace, a shanya a rana, kuma kada a juya fuskar da ta tare datti zuwa cikin tulu. A sani cewa tacewa tana cire 'yan shawagi da abin da ke manne da su, amma ba ta cire dukan ƙwayoyin cuta, don haka a tafasa ruwan har ya yi bori na minti 1, ko a sa ruwan Javel gwargwadon yadda ma'aikatan lafiya suka koyar. Maigida mai kwana a kan ruwa shi ma ya tafi da nasa a jarka, domin yawancin masunta a tsakiyar tafki suke sha da hannu.

A dafa kifi ya nuna sosai. Kayan cikinsa a binne su ko a ƙona, kada a jefa wa kare ko kyanwa. Wanda ya ga farar tsutsa kamar zare tana fitowa daga jikin mutum ko dabba, ya hana shi kusantar ruwa, ya sanar da cibiyar lafiya a ranar. Sannan kada a rikita wannan da tsargiya. Ita ta dodon koɗi take biyowa, ta fata take shiga lokacin wanka da wanki, tace ruwa ba ya hana ta. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi asibiti, akwai maganinta.

Muna roƙon limamanmu na garuruwan bakin ruwa su sa wannan batu a cikin wa'azin Juma'a, malaman Islamiyya kuma, idan sun zo babin ruwa, su ƙara wa yara da wannan bayani, ko da kofin gilashi ɗaya ne za a ɗaga a rana su gani da idonsu. Mahaifinmu, tun daga waccan Asabar, bai sake karantar da babin tsarki ba face ya ce wa almajirai su tace abin da za su sha, kuma su ji tsoron Allah game da abin da suke zubawa a ruwa.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu amsa tambayar da wasu iyaye suka aiko a kan tsargiya da wankan yara a rafi. Allah Ya tsare mana zuriyarmu, Ya sa albarka a ruwanmu da abincinmu.